Labbo Hannu, Nomau Kunne

Ku yaran da kuke zuwa ku jingina da teburina, ku ɗauki kwalin hedfon ku jujjuya, ku ce, "Baba Labbo, ai wannan sana'a zaman inuwa ce," ina jin ku, ƙyale ku kawai nake yi. Kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. A ganinku aikin bai wuce a miƙa kwali a ce Allah ya sa albarka ba. To ku sani, wanda ya zo layin 'yan waya na kasuwar Gusau neman hedfon marar igiya, irin mai kashe ƙara ɗin nan, kunnensa ya kawo maka amana. In ka zaɓa masa wanda bai dace da shi ba, ba zai dawo ya yi faɗa ba. Zai tsallaka ne ya shiga wancan shagon mai gilashi da ke kallon nawa, shagon Nomau. Za mu zo kan Nomau, ku yi haƙuri.

Wani tela daga Furfuri, Malam Isiya, ya taɓa zuwa mini da hedfon a leda, ransa a ɓace. Maƙwabcin shagonsa ya sayi janareta mai kukan tsiya, shi kuwa yana son ya riƙa jin wa'azi yana ɗinki. An sayar masa da wani mai ƙyalli, kwalinsa cike da manyan rubutu, amma janareta na nan a cikin kansa. Ban tambaye shi inda ya saya ba, na ga ledar na gane. Na ɗauki guda biyu daga nawa na ce ya biyo ni bayan rumfa, wurin injin markaɗen Iro. Can nake gwaji, ba a cikin shago ba. Na ce ya sa na farko, kada ya kunna komai, ba wa'azi ba waƙa, ya danna maɓallin kashe ƙara kawai. In hedfon na gaskiya ne, da ka danna za ka ji gurnanin injin ya ja baya, kamar ka shiga ɗaki ka turo ƙofa. Akwai ɗan kunne ƙarami a jikinsa ta waje, shi ke sauraron ƙarar, ya aika wa kunnenka kishiyarta, su haɗu su kashe juna. Jabu kuwa ba abin da yake yi sai shuuu a kunne, ko ya ƙara maka sauti don ya rufe asirinsa. Malam Isiya ya tsaya gaban injin Iro baki buɗe, har Iro ya ce ya matsa kada tattasai ya fallatsar masa a riga.

Bayan gwajin inji sai gwajin hula, wanda ba za ku same shi a rubuce jikin kowane kwali ba. Waɗanda suke ƙera abin nan ba su san da mutumin da ba ya fita ba hula ba. Baka ɗin da ke bi ta saman kai, in gajere ne, ko dai ya murƙushe hular ko ya ɗaga soson da ke rufe kunne daga wurinsa, ƙara kuwa ƙofa kaɗan take nema. Mai tabarau ma haka, ƙafar tabarau na buɗe mata hanya, sai ka nema masa mai soso mai taushi. Mace in ta zo, ka tuna da ɗankunne da hijabi, galibi ƙaramin iyafis na cusawa a kunne ya fi mata. Sannan ka murza fatar soson da yatsa. Akwai wadda bazarar Gusau guda ɗaya ke gamawa da ita, ka ga tana saɓulewa tana manne wa mutum a kumatu.

Akwai kuma waɗanda ba na sayar wa. Wani ɗan kabu-kabu da ke bin hanyar Tsafe ya nace mini sai mai kashe ƙara, wai kukan babur ya dame shi. Na ce masa a wannan hanya, a wannan zamani, mutum na bukatar kunnuwansa duka biyu, da zai samu aron na uku ma da ya ƙara. Ya yi fushi ya tsallaka. Wani makiyayi daga wajen Mada kuwa bai damu da ƙara ba, daji ai ba janareta. Abin da yake so batir mai jimiri, don sai ranar kasuwa yake ganin wurin caji. Shi na ba shi marar kashe ƙara, domin kashe ƙarar kansa cin batir ne. Kun ga ke nan kafin ka taɓa kwali sai ka san inda mutum yake wuni.

Duk wannan a hannun Malam Bawa Mai Rediyo na samo tushensa, tun ba a san wayar hannu ba. Ubana ya kai ni shagonsa ina ɗan saurayi, na tarar da wani yaro ɗan Bungudu, garin su Malam, ya riga ni zuwa. Shi ne Nomau. Kayan aikinmu a lokacin ƙarfen liƙi ne da ake ɗorawa a kan gawayi, da dalma, da sukudireba, da filaya, da wata tsohuwar mitar auna wuta da sai an ɗan buge ta take motsi. Ni Allah ya ba ni hannu. Liƙin da zan yi, ko Malam sai ya sa tabarau kafin ya ga inda na taɓa. Kaset in ya tsinke a cikin rakoda, ni ake ba, in zaro shi in haɗa ba a ji wurin ba. Amma in an kawo rediyo mai ciwon da ba a gani, sai Malam ya kunna, ya rufe ido, ya karkata kai, sannan ya ce, "Nomau, taho ka saurara." Nomau ya kara kunne ya ce lasifika ce ta tsage a gefe, ko ya ce wuta ce ba ta isa ba, a buɗe kuma a tarar haka ne. Daga nan a miƙo mini in gyara. Duk baƙon da ya zo, da magana ɗaya Malam ke gabatar da mu: "Wanga Labbo, hannu gare shi. Wanga Nomau, kunne gare shi." Mutane su yi dariya, su kalli Nomau.

Ba zan ɓoye muku ba, ina kishin Nomau tun daga lokacin har gobe. A sana'ar sauti, wanda aka ce yana da kunne shi ne likita, mai hannu ɗan aike ne. Abu ɗaya na so a duniyar nan daga bakin Malam Bawa, ya ce ni ma ina da kunne. Nakan tsaya bayan an tashi, in kunna rediyoyin mutane in yi ta saurare har in gane ciwon da kaina, washegari in faɗa kafin a tambaya. Sai Malam ya gyaɗa kai ya ce, "To, bari mu ji Nomau."

Wata doka ta Malam kuma da ta zauna mini a ƙashi ita ce ta kai kaya gida. In an gama gyara, mu muke ɗaukar rediyo a ka mu kai wa mai shi. Malam ya ce ka tsaya a ƙofar zaure ka yi sallama uku, in ba a amsa ba ka juyo da kayanka, ko da kana hangen takalmin mai gida. Ran da na taɓa leƙa kai cikin wani zaure don na ji tari, labari ya riga ni isa shago, Malam ya sa na wuni ina hura gawayi bai ce mini ci kanka ba. Tun daga ranar ban sake taka dokin ƙofar wani ba sai an ce in shigo.

Da aka yaye mu, Nomau ya auri Kulu, 'yar Malam. Ba ni da ta cewa a kan wannan, matar mutum kabarinsa. Na dai san ni ma ina shagon duk lokacin da take kawo tuwon rana. Daga nan Nomau ya koma ce wa Malam "Baba", ni kuwa ina nan a kan "Malam". Rediyo ya ja baya, waya ta shigo, muka koma kayan waya mu duka, Allah kuma ya haɗa mu layi ɗaya, shagonsa na kallon teburina. Ya sa gilashi, ya sa fitilu masu launi, ya sa fanka. An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, takin da na zuba wa gonar Nomau ya isa a noma Zamfara gaba ɗaya.

Shekarar da aka kashe layin waya a jihar nan saboda rashin tsaro, ita ce ta kusa tashina daga kasuwa. Na cika teburi da kaya sababbi, sai aka wayi gari waya ta zama dutse a aljihu. Aka rufe kasuwannin ƙauye, masu zuwa daga Tsafe da Mada suka ɗauke ƙafa. Hedfon marar igiya kuwa ba ya son zaman kwali, batirinsa ke mutuwa a tsaye, wasu har su kumbura. Na riƙa fito da su ɗaya-ɗaya ina yi musu caji kamar mai jinyar kaji, duk da haka da yawa suka tafi. Na koma gyaran tsofaffin rediyoyin da mutane suka zaƙulo daga ƙarƙashin gado don jin labarai, da shi na ci da iyalina. Nomau fa? Ya jawo kwamfuta ya hau tura wa mutane karatu da waƙoƙi a memori, kowa ya zo turi sai ya haɗa masa da abin sauraro. Layi har bakin teburina, wasu ma a bencina suke zama su jira shi. A shekarar ne Malam, wanda ya riga ya tsufa ya koma gida Bungudu, ya zare sim daga 'yar wayarsa ya ce tunda abin haka ne ya huta, bai sake mayarwa ba. Memori kawai ya bari, yana sauraron tafsiri.

Aikin da ya sa na ɗauko muku wannan dogon zance ya zo ne bayan an daɗe da maido da layi. Wata safiya Nomau ya tsallako, abin da ba ya yi sai da dalili, ya ce, "Labbo, ka ji an kahwa injin niƙa bayan ɗakin Baba? Tun sahe har la'asar ba shi jin karatu. Ran Juma'a zan kai mishi hedfon." Na ce Allah ya ba da lada. Yana juya baya na ce a raina, dama ta samu. Ga Malam, ga ƙara, ga zaɓen abin da za a sa a kunne. In ban nuna kunnena a nan ba, sai a lahira.

Na hau mota na tafi Bungudu ban gaya wa kowa ba, ban kuma shiga gidan ba. Na zagaya wurin injin na zauna a kan wani turmi ina saurare. Gurnaninsa mai kauri ne daga ƙasa, irin wanda hedfon ke iya kashewa, amma akwai wani siririn kuka na bel ɗin da ke juya injin a samansa wanda sai soso mai kauri ke tare shi. Na dawo Gusau na zaɓi mafi ƙarfin abin da nake da shi, mai dogon baka saboda hular Malam. Na cire sosonsa na kai wa baduku ya yi masa sutura da fatar akuya mai laushi, na ƙara masa kauri. Akwai wani maɓalli a gefe da ke buɗe wa maganar waje hanya. Na san yatsun tsoho, zai yi ta taɓa shi ba da niyya ba injin ya dawo masa, don haka na buɗe na raba shi da wuta, na mayar na rufe ba alama. Maɓalli ɗaya na bari, kunna da kashewa.

Ranar Juma'a muka haɗu a ɗakin Malam, wanda ke daf da zaure ta ciki, Nomau ya shigar da ni. Ƙafafun Malam sun yi rauni, yana zaune a kan buzu, bango na rawa da kukan inji. Aka fara da na Nomau, mai sauƙi, mai kyan gani. Nomau ya durƙusa yana cewa, "Baba, in ka taɓa nan, inji ya tahi. In ka sake taɓawa, kana jin mai sallama." Malam ya lalubo ya danna, ya sake dannawa, muryar mace ta cikin hedfon ta yi magana, sai ya zabura ya ce, "Wace ta wagga ka yi mini Turanci cikin kunne?" Na sunkuyar da kai don kada a ga haƙorana. Sannan na ɗora masa nawa, na gyara shi a kan hula, na haɗa da wayarsa, na kunna. Malam ya rufe ido, ya karkata kai, yadda yake yi a shago tun muna yara. Ya daɗe a haka. Da ya buɗe ido ya dafa nawa ya ce, "A bar wanga." Iyakar abin da ya ce ke nan. Nomau ya mayar da nasa cikin kwali yana murmushin yaƙe, ni kuwa a mota har direba sai da ya tambaye ni ko an yi mini haihuwa.

Amma "a bar wanga" ba ita nake nema ba. Na ce bari in ba shi lokaci ya ji daɗin abin, in na koma gaisuwa zai faɗa. Na sayi goro na tafi. Gidan Malam gidan matan aure ne, matan 'ya'yansa na ciki, ba wurin da namiji baƙo zai faɗa ba ne. Na tsaya a ƙofar zaure na yi sallama. Shiru, sai inji. Na sake, na sake. Ina hangen takalminsa a bakin ɗaki. Na juyo da gorona. Za ku ce me ya hana in aika a faɗa masa. Na aika a zuwa na biyu, aka dawo aka ce mini Malam barci yake, idonsa a rufe. Za ku ce in kira shi a waya, to ba sim. Za ku ce in kira Nomau ya yi mini iso. Wannan kam gara in kwana a ƙofar. Haka na yi ta zuwa ina komawa, goro na bushewa a aljihuna, har mai injin ya fara gaishe ni da suna.

Rannan ina tsaye na gama sallama ta uku ke nan, sai ga Nomau a kan babur da ledar lemo. Ya ce, "A'a, Labbo, mi kake yi waje kamar baƙo?" Na ce yanzu na iso. Ya yi sallama yana tafiya, bai ko jira amsa ba, ya shige abinsa, gidan surukai ai gidansa ne. Daidai nan mai injin ya kashe don ya tafi alwala, unguwa ta yi tsit. Kun san wanda ke sanye da hedfon ba ya jin muryar kansa, ihu yake yi yana zaton raɗa ce. Sai na ji muryar Malam ta cika zaure har titi:

"Nomau, kai na? Abin ga na Labbo ya yi! Na daɗe ina cewa hannu gare shi, ashe yaron ga kunne gare shi, har ya hi ka! Sai dai ya yada ni. Tun da yak kawo shi bai sake leƙo ni ba."

Na dafa bango. Maganar da na jira tun ina hura gawayi ta fito, ta fito kuma ina waje kamar mai satar ji. Can Nomau ya leƙo, fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya ce, "Shigo, Baba na kira." Na shiga da izinin Nomau. Malam ya sauke hedfon a wuya, ya amsa gaisuwata, ya hau ni da faɗan rashin zumunci. Na ce, "Malam, ina zuwa, sallama nake yi ba a amsawa." Ya dubi abin da ke wuyansa, ya dube ni, ya ce, "To wa ya toshe mini kunnen?" Muka yi hira a kan iyali da tsadar hatsi. Bai maimaita waccan magana ba. Babba ba ya maimaita yabo, na ƙasa kuma ba ya roƙo a maimaita masa. Na ce wata rana zai sake faɗa a gaban mutane. Kafin a girbe geron shekarar Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta.

Da aka raba ɗan abin da ya bari, hedfon ya faɗa a rabon Kulu, kun kuwa san inda rabon Kulu ke ƙarewa. Bayan an share makoki, wata rana 'yan layinmu sun taru a inuwar rumfata, tsofaffin da suka san mu tun a shagon Malam, wani ya ɗauko tsohuwar magana yana dariya, wai Labbo hannu, Nomau kunne. Na ce a kira Nomau. Ya zo. Na ce, "Nomau, mu biyu muka ji. Faɗa musu abin da Malam ya ce ranar da ka same ni a ƙofa."

Ya sosa gemu, ya ce, "Wace rana? Ai inji na ta ƙara, ban ji mi yac ce ba."

Injin nan a kashe yake. Mutumin da ke jin tsagewar lasifika daga cikin akwati a rufe, wai bai ji tsohon da ke ihu a gabansa ba. Ga shi can bayan gilashi, ku duba da kyau, abin da ke kansa mai suturar fatar akuya aikina ne, ɗinkin badukuna ne. In kuna ganin ƙarya nake yi, ku tsallaka ku tambaye shi. Sai dai ku taɓa shi a kafaɗa, don in sallama ce, ni na san ba zai ji ba.